Daga Ɓawon Fara zuwa Kaitosan: Tarihin Wani Sinadari da Rabon Dajin Kamuku a Cikinsa

Dajin Kamuku yana yammacin Jihar Kaduna, a ƙasar Birnin Gwari, ya yi iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. A 1936 Hukumar En'e ta keɓe shi ya zama gandun daji, sa'an nan a 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandayen daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120 ko kusa da haka. Doka ce ta fi yawa a cikinsa, sai maje da kawo da taura da ɗorawa da kaɗanya. Masu rubutu a kan wannan daji sukan fara da giwa da gwanki da tsuntsaye, domin su ne abin da ido yake gani. Amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, wadda amsarta ta ɗauki masana fiye da shekara ɗari da hamsin.

Kowace damina ƙwari sukan fito a wannan daji yadda ba mai iya ƙidaya su: gara da shinge, fara da gyare, buzuzu da ƙudan zuma. Kowannensu yana sanye da ɓawo mai tauri, yakan tuɓe shi sau da yawa kafin ya girma, in ya mutu kuma ya bar na ƙarshe a ƙasa. Wannan ɓawo ba ya narkewa a ruwa, ko da an tafasa shi. To, ina yake zuwa? Da ba abin da ke cinye shi, da tuni ƙasar dajin ta binne a ƙarƙashinsa. Abin da ke cinye shi kuwa shi ne ƙananan halittun da ido ba ya gani, watau bakteriya da fumfuna, waɗanda ke zaune cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da jikin suri. Yadda ɗan Adam ya gano abin da aka yi ɓawon da shi, da yadda daga baya ya koma neman taimakon waɗannan halittu don sarrafa shi, shi ne tarihin da za a bi a nan.

Labarin ya fara a Faransa. A 1811, shekara biyu bayan an kafa birnin Sakkwato, wani masani mai suna Henri Braconnot, shugaban lambun binciken tsirrai na garin Nancy, yana gwaje-gwaje a kan naman kaza. Ya jiƙa shi da sinadarai masu narkar da kusan kome, amma sai wani abu ya rage wanda ya ƙi narkewa. Bayan shekara goma sha biyu, a 1823, Auguste Odier ya sami irin wannan abu a fiffiken wani buzuzu, shi ne ya raɗa masa suna kaitin, daga wata kalmar Girkanci mai nufin riga. Sunan ya dace, gama riga ce ta ƙwaro, kuma ita ce rigar ƙaguwa da jatan lande, ita ce kuma bangon jikin fumfuna. Abin lura shi ne an gano kaitin tun kafin selulos, watau sinadarin da ke cikin auduga da itace, wanda Anselme Payen ya bayyana a 1838. Duk da haka selulos ya shiga masana'antu nan da nan, kaitin kuwa ya zauna a ɗakin gwaji, saboda abin da ba ya narkewa yana da wuyar sarrafawa.

A 1859 Charles Rouget ya tafasa kaitin cikin ruwan fotash mai kaifin gaske, ya ga ya juye ya zama wani abu dabam wanda ke narkewa a ruwa mai ɗan tsami. A 1894, lokacin da Kano take tsakiyar Yaƙin Basasa, Bajamushe Felix Hoppe-Seyler ya sa wa wannan sabon abu suna kaitosan. Bambancin da ke tsakanin su biyun ba shi da wuyar fahimta. Kaitin dogon zare ne, kamar carbi mai dubban ƙwayoyi, kowace ƙwaya kuwa wani nau'in sukari ce mai ɗauke da naitirojin, an toshe naitirojin ɗin da wani ɗan murfi da ake kira asetil. Muddin murafan nan suna nan, zaren yakan manne da 'yan'uwansa ya yi tauri kamar ƙaho. In aka cire fiye da rabinsu, sai zaren ya saki, ya narke cikin ruwan tsami, ya kuma sami wata ɗabi'a ta lantarki da ke sa ya jawo laka da ƙwayoyin cuta da gubar ƙarafa, kusan yadda mayen ƙarfe yake jawo allura. Wannan shi ne kaitosan. Duk sana'ar, daga 1859 har zuwa yau, ta tsaya ne a kan cire wannan ɗan murfi.

An daɗe kafin a ga amfaninsa a kasuwa. Japan ce ta fara yin sa da yawa a farkon shekarun 1970, daga ɓawon ƙaguwa, don tace ƙazamin ruwan birane da na masana'antu. A 1977 aka yi taron duniya na farko a kan kaitin da kaitosan a Boston ta Amurka, a shekarar ce kuma Riccardo Muzzarelli na Italiya ya buga littafinsa a kan kaitin, wanda ya zama madogara ga masu bincike. Jim kaɗan bayan haka Lee Hadwiger da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa kaitosan yana hana wasu fumfuna masu cutar da shuka yaɗuwa, yana kuma zaburar da shuka ta kare kanta. Daga 2003 sojojin Amurka suka shiga amfani da bandejin kaitosan don tsai da jini a fagen fama. Ana kuma shafa shi a jikin tumatir da mangwaro don jinkirta ruɓewa, abin da manomin Kadawa, wanda ke ganin kwandunansa suna lalacewa kafin su isa Legas, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kai.

Sai dai hanyar da masana'antu suke bi ba ta yi nisa da ta Rouget ba. Ana jiƙa ɓawon jatan lande cikin asid mai ƙarfi don narkar da allin da ke cikinsa. Sa'an nan a dafa shi da kostik soda don raba shi da furotin. Abin da ya rage shi ne kaitin. Daga nan sai a sake dafa shi cikin soda mai kauri, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, a zafin tafasar ruwa ko fiye, na tsawon sa'o'i. Bayan kowane mataki sai an wanke da ruwa mai yawa, ruwan wankin kuwa guba ne ga kogi. Furotin ɗin da zai yi abincin kaji ya lalace. Zafin da kaifin sodar sukan tsinka zaren ba bisa ƙa'ida ba, har ya zama buhun yau bai yi daidai da na gobe ba, wannan kuwa babban aibi ne ga abin da za a sa a kan rauni. Ga shi kuma an ƙiyasta a 2015 cewa ɓawon ƙaguwa da jatan lande da duniya take zubarwa kowace shekara ya kai tan miliyan 6 zuwa 8. Abu ne mai ban takaici a ce sinadarin da ake so don tsabtace ruwa, sai an ƙazantar da ruwa kafin a same shi. Wannan ne ya mai da hankalin masana ga ƙananan halittu.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin ɗalibi yakan ɗauka cewa sa ƙananan halittu aiki ilmin Turawa ne da aka shigo da shi jiya. Ba haka ba ne. Matar da ta dafa kalwa ta surfe ta, ta rufe ta kwana biyu ko uku har ta zama daddawa, bakteriya take kiwo, binciken S. A. Odunfa na Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa dangin Bacillus ne suke yin wannan aiki, suna narkar da furotin ɗin kalwar. Bafillatanar da ta zuba ɗan tsohon nono cikin madara ta bar shi ya kwana, bakteriyar da ke haifar da asid ɗin tsami take shukawa. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun san cewa baba ba ya kama zane sai ruwan karofi ya nuna, nunar kuwa aikin bakteriya ce. Majema suna jiƙa fata cikin ruwan kashin tattabara don ta yi laushi kafin a sa mata bagaruwa. Majeman Turai ma da kashin kare suke yi, har sai da Otto Röhm ya maye gurbinsa da sinadarin da ya tatso daga cikin dabbobi a 1908. Abin da masu waɗannan sana'o'i ba su da shi shi ne sunan abin da ke aikin, da hanyar ware shi.

Sunansa enzayim. Wani nau'in furotin ne da kowace halitta take ƙerawa don yanka ko ɗinke wani sinadari guda, ba tare da wuta ko soda ba, kamar mabuɗin da ba ya buɗe kowace ƙofa sai tasa. A 1897 Eduard Buchner ya tabbatar da cewa enzayim yana aiki ko an raba shi da halittar da ta yi shi. A 1929 Paul Karrer da Hofmann suka nuna cewa ruwan cikin dodon koɗi yana narkar da kaitin. Ashe abin da ya gagari tafasasshen ruwa, dodon koɗi yana narkar da shi cikin sanyin lambu.

Matakai biyun farko na sana'ar, watau cire alli da cire furotin, sun zo da sauƙi, kuma hanyarsu ta yi kama da ta nono da daddawa ƙwarai. Ana niƙa ɓawon, a zuba masa sukari ko ɗigon rake, a sa masa bakteriyar tsami irin Lactobacillus, a rufe kwanaki kaɗan. Asid ɗin da bakteriyar ta haifar sai ya narkar da allin, ya kuma hana ruɓa. Enzayim masu yanka furotin, na cikin ɓawon kansa ko na Bacillus da aka ƙara, su mai da naman ya zama ruwa, ruwan kuwa ya shiga abincin dabbobi. Abin da ya rage kaitin ne mai dogon zare wanda bai ƙone ba. Aibin hanyar shi ne jinkiri, kuma sau da yawa akan sami ragowar alli da furotin, sai an bi da ɗan sinadari marar kaifi an ƙarasa.

Mataki na uku shi ne mai wuyar. A 1954 D. R. Kreger ya gano cewa akwai fumfunar da bangon jikinta yake ɗauke da kaitosan tun asali, ba wanda ya dafa mata shi. Wannan ya nuna lalle tana da hanyar cire murfin asetil. A 1974 Araki da Ito na Japan suka sami enzayim ɗin a jikin fumfunar Mucor rouxii, aka kira shi mai cire asetil daga kaitin. A farkon shekarun 1980 aka sami irinsa a Colletotrichum lindemuthianum, fumfunar da ke sa wa wake cuta, nan kuma aka fara fahimtar wata dabara mai ban mamaki: shuka tana gane maƙiyinta ta kaitin ɗin jikinsa, tana kuma da enzayim na narkar da shi, saboda haka sai fumfunar ta juya rigarta ta zama kaitosan, ta shige ba a gane ta ba. A 1993 Bouriotis da abokan aikinsa a tsibirin Kirit na Girka suka tsarkake enzayim ɗin Mucor, aka kuma karanta ƙwayar gadonsa. A lokacin mutane da yawa sun zaci kwanan kostik soda ya ƙare.

Bai ƙare ba. Dalilin kuwa ya cancanci ɗalibi ya riƙe shi, don yana nuna tazarar da ke tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta. A jikin fumfuna, enzayim ɗin yana cire murfin ne tun zaren yana ɗanye, ana cikin saƙa shi, kafin ya manne da sauran. Kaitin ɗin ɓawon jatan lande kuwa ya riga ya daskare, zare a kan zare, ba ƙofar shiga. In aka zuba masa enzayim sai ya lashi bayansa kawai, ya cire kaɗan ƙwarai daga murafan, ya tsaya. Masana sun bi ta hanyoyi da dama don warware wannan. Wasu suna fara sassauta kaitin ɗin da niƙa ko sinadari kafin su sa enzayim. A 2010 Vaaje-Kolstad da Eijsink da abokan aikinsu a Norway suka bayyana wani sabon jinsin enzayim daga bakteriyar Serratia marcescens, wanda ke amfani da iskar oksijin ya farfasa fuskar daskararren kaitin, ya buɗe wa sauran hanya. Wasu kuma suka bar ɓawon teku gaba ɗaya, suka koma noman fumfunar kanta, irin su Mucor da Rhizopus, a kan dusa da sauran ragowar amfanin gona, su tatsi kaitosan daga jikinta. Kamfanin KitoZyme na Beljiyam yana sayar da kaitosan da ya samo daga fumfunar Aspergillus niger. Duk da haka, mafi yawan kaitosan da ke kasuwar duniya har yanzu na soda ne, gama shi ya fi araha. Inda enzayim ya yi fice shi ne wajen ƙera gajerun zaruruwa masu tsari guda sananne, irin waɗanda likita da masanin shuka suke bukata.

To, mene ne rabon ƙasar Hausa a wannan tarihi? Ba ta da teku. Jatan landen da ake ci a Kaduna daga Oron da sauran garuruwan gaɓa ake kawo shi a bushe. Amma tana da fara. Masu soya fara a Kano da Maraɗi da Maiduguri sukan fige fiffike da ƙafafu su zubar, waɗannan kuwa su ne sassan da kaitin ya fi yawa a cikinsu. Ɓawon ƙwaro yana da wata falala a kan na teku, ita ce allinsa kaɗan ne, saboda haka bukatar asid ta ragu. Tana kuma da ƙananan halittun da suka saba da zafi da fari, akwai ma shaida a tarihi cewa irin wannan dukiya tana da daraja.

Bayan annobar fara ta 1986 zuwa 1989, wadda aka yaƙa da feshin guba mai yawan gaske, aka kafa shirin bincike na LUBILOSA a 1989, wanda ya haɗa cibiyar CABI ta Ingila, da reshen IITA na Kwatano, da cibiyoyin Yamai. Abin da suke nema shi ne halittar da za ta kashe fara ba tare da ta cuci mutum da dabba da tsuntsu ba. Wadda ta yi nasara fumfuna ce ta dangin Metarhizium, an kuwa ɗauko irinta ne daga gawar wata fara da aka tsinta a Jamhuriyar Nijar. Ƙwayarta takan sauka a jikin fara, ta tsiro, ta huda ɓawon da enzayim masu narkar da furotin da kaitin, ta shiga ciki, cikin mako ɗaya zuwa uku farar ta mutu. An gwada ta a gonakin Nijar a shekarun 1990, aka sa mata suna Green Muscle, aka fara sarrafa ta don sayarwa a Afirka ta Kudu. An fesa ta a Tanzaniya a 2009, da Somaliya a 2020. A 2004 wasu masana a Pune ta Indiya sun nuna cewa wata 'yar'uwarta a dangin nan tana fitar da enzayim mai cire asetil. Watau mabuɗin da ake nema a Japan da Girka, danginsa suna kwance a ƙasar Sahel. Ya kamata ma'aikacin gwamnati ya lura da yadda rabon ya kasance: irin daga Nijar, masana'antar a wata ƙasa. Don irin wannan ne aka ƙulla Yarjejeniyar Nagoya a 2010, wadda ta ce ƙasar da aka ɗauki halitta daga cikinta tana da haƙƙi a ribar da aka samu.

Bukatar kuwa ba nesa take ba. Ruwan majemun zamani na Challawa da Sharaɗa a Kano yana ɗauke da kuromiyam, wanda kaitosan yana cikin abubuwan da ke kama shi. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a 2015 kuma ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, inda Kamukawa da yawa suke zaune. Birnin Gwari kanta ƙasar zinariya ce. Kada a yi kuskure: kaitosan ba magani ba ne ga yaron da dalma ta shiga jininsa, ba ya kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga tsakar gida. Aikinsa shi ne kama ƙarfen da ya narke a ruwa. Amma matatar ruwa mai araha, wadda aka yi da abin da ake zubarwa a kasuwa, ba ƙaramin abu ba ce ga ƙauyen da ke shan ruwan da aka wanke dutsen zinariya a ciki. Cibiyoyin da za su iya wannan aiki suna nan kusa: Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da cibiyoyin binciken fata da na fasahar sinadarai a Zariya.

Aikin kansa yana farawa da abu mai sauƙi. Mai bincike yakan ɗebo cokalin ƙasa daga gindin doka ko gefen suri, ko ya tsinto gawar fara da fumfuna ta lulluɓe, ya shuka ta a faranti wanda ba abincin da ke cikinsa sai kaitin. Duk halittar da ta tsiro ta zagaye kanta da fili garau, ta nuna tana da enzayim. Dajin da ba a taɓa nomawa ba, ba a kuma fesa masa guba ba, shi ya fi dacewa da irin wannan nema, doka ma tana cikin itatuwan da saiwarsu take zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da fumfuna, yadda gara take kiwon tata fumfunar cikin suri. Sai dai ɗebo cokalin ƙasar yana bukatar mutum ya shiga dajin ya fito lafiya. Tun cikin shekarun 2010 'yan bindiga suka mai da Kamuku da Kuyambana maɓoya, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro. A watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, watau daga cikin matasan da ake horarwa don aikin daji. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar sulhu a yankin, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, wadda ta yi shekaru a rufe.